Mai Lissafi da Wadda Ake Tuhuma: Sharhi a Kan Babin Muhasaba na Ihya'u

Daga cikin littattafai 40 da Imamu Gazali (ya rasu 1111) ya kasa Ihya'u Ulumiddini, na 38 ne ya keɓe wa muraƙaba da muhasaba, wato mutum ya sa wa kansa ido, ya kuma yi wa kansa hisabi. Malamin ya gina bayaninsa a kan siffar kasuwanci. Hankali shi ne mai uwar kuɗi, nafsu kuwa abokiyar tarayya ce wadda ba a amince mata ba. Da asuba a gindaya mata sharaɗi, da rana a bi sawunta, da dare a zauna lissafi. In an sami giɓi sai a hore ta, a matsa mata, a yi mata faɗa. Matakai 6 ke nan.

Siffar ta zauna daram a kunnen Bahaushe, domin harshensa ya riga ya raba mutum biyu. Akan ce zuciya ta ɗebi wane, ko ya danne zuciyarsa, ko zuciyarsa ta raya masa, kamar dai wata ce daban ke zaune a ƙirjinsa. Wannan ne ma ke wahalar da mai fassara a zaure, don kalmar zuciya ita kaɗai takan ɗauki nauyin ƙalbu da nafsu gaba ɗaya.

Sai dai siffar tana da rauni. A littafi na 21, mai bayanin al'ajaban zuciya, Gazali ya nuna abu 4 ne suka taru a fatar ɗan Adam: alade mai kwaɗayi, kare mai fushi, shaiɗan mai zuga su, da mai hikima. A na 38 kuwa taron ya koma mutum biyu, aka kuma ɗauka mai lissafin amintacce ne. To, wa zai binciki littafinsa? Wanda ke ƙidaya laifuffukansa kowane dare yana iya wayar gari yana jin daɗin iya ƙidayarsa, ujubu ya shigo ta ƙofar da aka buɗe don korarsa. Harisu Muhasibi (ya rasu a Bagadaza, 857), wanda Gazali ya sha daga tafkinsa, ya daɗe a kan riya da ujubu a cikin Ri'aya. Gazali ma ya yi bayaninsu, amma can a littafi na 28 da na 29, ta yadda ɗalibin da ya tsinci na 38 shi kaɗai zai tashi bai ji an tuhumi mai lissafin ba.