Heuriger: Al'adar Buɗe Gidan Manomin Inabi ga Baƙi a Biyana

Heuriger shi ne sunan da mutanen Biyana, babban birnin Ostiriya, suke kiran gidan manomin inabi idan ya buɗe ƙofarsa ga baƙi, su zauna a tsakar gidansa su ɗanɗana giyar da ya matsa daga gonarsa, su ci abincin da iyalinsa suka shirya. Kalmar ta fito ne daga heuer, wato "bana" a Jamusancin yankin, don haka ma'anarta "na bana". Asali sunan sabuwar giya ne, wadda aka yi da inabin kakar da ta gabata, sannan ya zarce ya zama sunan wurin da ake shan ta. A sauran sassan ƙasar, musamman jihar Steiermark, an fi cewa Buschenschank, kuma shi ne sunan da doka ta sani.

Hukuncin giya a wurin Musulmi a bayyane yake, ba wani bayani na tarihi da zai sauya shi. Abin da ya sa al'adar ta cancanci nazari shi ne abin da ta tsaya a kansa: sharaɗi guda, cewa mai sayarwa shi ne mai nomawa. Wannan sharaɗi ya taimaka wajen riƙe gonaki a cikin babban birni da kewayensa fiye da shekara ɗari biyu, kuma duk inda ya saki, al'adar ta lalace ko da sunan ya tsaya.

Noman inabi a gangaren Kogin Danub ya daɗe ƙwarai. Mutanen Biyana suna danganta bunƙasarsa da Probus, sarkin Rum da ya yi mulki daga 276 zuwa 282, har akwai titi mai sunansa a unguwar Heiligenstadt. Amma ranar da ake ƙirga mafarin Heuriger ita ce 17 ga Agusta 1784, lokacin da Sarki Joseph na Biyu ya fitar da doka mai ba kowa izinin sayar da abincin da ya noma da giyar da ya matsa da kansa. Kafin nan masu ƙasa da masu gidajen sha sun fi ƙarfin ƙaramin manomi a wannan ciniki. Dokar ta ba shi hanyar kai amfaninsa bakin mai saye kai tsaye, ba dillali a tsakani, ba kuɗin shago. Benci ya fitar, ya jera a inuwar bishiya, matarsa ta ɗauko tulu.

Alamar da ke nuna gida a buɗe yake har yau ba ta sauya ba. Manomi yakan ɗaure damin rassan wani itace mai ganye kamar allura, wanda ba ya kaɗe ganye ko da hunturu, ya rataye shi a kan doguwar sanda a saman ƙofa, sau da yawa da fitila a gefe. Damin shi ne Buschen, kuma idan an rataye shi sai a ce ausg'steckt, wato "an kafa". Gidan ba ya buɗewa duk shekara. Yakan yi makonni a buɗe, a sauke damin, iyali su koma gona. A ƙauyukan inabi akwai allo a tsakiyar gari da ke nuna gidan da yake kan layi a wannan makon, domin manoma sukan raba kwanaki a tsakaninsu don kada su ci kasuwar juna. Wannan buɗewa da rufewa ita ce hujja mafi ƙarfi cewa mai gidan manomi ne da gaske. Wanda yake yanke rassa a Fabrairu, yake tsinkar inabi a Satumba da Oktoba, ba shi da halin tsayawa hidimar baƙi kullum.

Biyana tana da kimanin hekta 600 na gonakin inabi a cikin iyakarta, abin da ba a saba gani ba a babban birnin ƙasa. Suna kan tuddan Nussberg da Kahlenberg, da Bisamberg a ƙetaren kogi, da Mauer a kudu. Grinzing da Nussdorf da Sievering da Neustift am Walde ƙauyuka ne a da, birni ya haɗiye su a farkon shekarun 1890, Stammersdorf kuma a 1938. A 1905 hukumar birnin ta keɓe zoben dazuzzuka da filaye da ya kewaye gari, ta hana gini a cikinsa. Amma doka kaɗai ba ta sa mutum ya zauna a gona. Filin da ke kallon birni daga tudu ya fi daraja a wurin mai gina gidaje nesa ba kusa ba, kuma abin da ya sa iyalai da yawa ba su sayar ba shi ne teburin da ke tsakar gida. Ribar kofi ɗaya da aka miƙa wa baƙo ta ninka abin da ɗan kasuwa zai biya a kan inabin da aka yi shi da shi. Mutum yakan hau taragon lantarki mai lamba 38 daga tsakiyar gari ya sauka a Grinzing, ko mai lamba 31 zuwa Stammersdorf, ya taka kaɗan ya tsinci kansa a cikin kuranga.

Giyar da aka fi sanin waɗannan gidaje da ita ana ce mata Gemischter Satz, wato "shuka gauraye". A gona guda akan dasa iri-irin inabi, irin su Grüner Veltliner da Riesling da Welschriesling da Weissburgunder, a tsinke su rana ɗaya, a matse su tare. Dalilin ba baƙo ba ne ga duk wanda ya san abin da ya sa ake haɗa gero da dawa da wake a fili ɗaya. Wani irin yana fure da wuri, wani a makare. Idan sanyin ƙarshen hunturu ya ƙona wannan, wancan ya tsira. Idan wani ya nuna ya yi zaƙi, wani da sauran tsaminsa, sai su daidaita juna a ganga. Dabarar talaka ce ta kare kai daga asara. An daɗe ana raina ta a matsayin abin sha na arha, sai wasu manoma suka ɗaga darajarta, har a 2013 aka ba ta kariyar suna da ƙa'idoji: aƙalla iri uku a gona ɗaya, mafi yawansu kada ya wuce rabi, na uku kada ya gaza kashi goma cikin ɗari.

Masifa biyu suka girgiza sana'ar. A 1872 aka gano wani ƙwaro mai cin saiwar inabi a Klosterneuburg, dab da Biyana, wanda ya shigo tare da dashen Amurka. Ya cinye gonaki, kuma maganin da aka samu shi ne aure, irin na mangwaro: a ɗora reshen Turai a kan gindin Amurka da ƙwaron ba ya iya kashewa. Ta biyu a 1985 ce, lokacin da aka gano wasu 'yan kasuwa suna zuba sinadarin diethylene glycol a giya don ta yi kauri da zaƙi. Cinikin ƙasar a waje ya faɗi warwas, aka kafa doka mai tsanani. Wannan abin kunya ya ƙara wa ƙaramin manomi daraja, domin mai saye ya koma neman wanda zai kalli idonsa ya tambaye shi abin da ke cikin kwalba.

Zaman kansa yana da tsari. Baƙo yakan shiga ta wani soro mai faɗi, wanda a da keken doki ke bi, ya fito tsakar gida mai tsakuwa a ƙasa, da dogayen tebura na katako da bencina a ƙarƙashin bishiyoyi ko rumfar kuranga. Ba wanda zai nuna masa wurin zama. Idan ya ga gurbi a teburin wasu, ya tambaya ko akwai mai shi, ya zauna. Abin sha ana kawo shi tebur, a tsohuwar al'ada cikin kofin gilashi mai hannu da ke ɗaukar kwatan lita, Viertel, tare da ruwan soda, domin da yawa sukan sirka rabi da rabi. Abinci kuwa sai mutum ya tashi ya je kanta ya nuna abin da yake so, a yanka, a ɗora a sikeli, ya biya nan take. Wannan rabuwa tsakanin kuɗin sha da kuɗin ci ragowar tsohon zamani ne, lokacin da baƙi ke zuwa da guzurinsu a ƙunshe, manomi ya ba da giya da gurasa kawai.

Abin da ke kan kantar abincin manoma ne: burodi mai duhu, cuku mai laushi da aka kwaɓa da garin tattasai da ake kira Liptauer, kitsen alade da ake shafa wa burodi, gasasshen naman alade, soyayyar kaza, kwaɗon dankali. A Steiermark abinci mai sanyi kawai Buschenschank ke bayarwa, a jere a kan faranti na katako, Brettljause, tare da kwaɗon manyan wake da aka zuba wa man 'ya'yan kabewa. Musulmin da aiki ko karatu ya kai shi Biyana ya kamata ya san cewa alade ya mamaye wannan kanta, har a abubuwan da ba su nuna ba, kuma ruwan inabin da bai tsimu ba, Traubensaft, shi ne wanda babu maye a cikinsa. Sturm, wanda ake sayarwa da kaka, ruwan inabi ne da ya fara tsima, mai gurɓi da zaƙi, kuma yana sa maye duk da kamanninsa.

Ɗanɗano irin na masana sabon shiga ne a wannan wuri. A nan ƙaramin kofi mai doguwar ƙafa ake amfani da shi, a zuba kaɗan, a duba launi, a jujjuya, a sansana, a kurɓa, mai sana'a ma ya tofar a mazubi. Ana farawa da mara nauyi a ƙare da mai nauyi, fari kafin ja. Mai gida ko 'yarsa kan sauka da baƙi rumbun ƙarƙashin ƙasa, inda sanyi ba ya sauyawa rani da hunturu, a nuna musu tsofaffin gangunan katako a gefen manyan tankunan ƙarfe, a faɗi sunan tudun da kowace giya ta fito da shekarar da ƙanƙara ta yi ɓarna. Ƙarshen zagayen ciniki ne, baƙo ya sayi kwalabe ya tafi da su. Ba laifi ba ne, don haka aka kafa dokar 1784 tun farko. Sai dai sabon salon ya kawo bambancin da tsohon benci bai sani ba, tsakanin mai iya kalmomin yabon giya da wanda ya zo hutawa kawai bayan aiki.

Al'adar tana da kalandarta. Ranar 11 ga Nuwamba, ranar Waliyyi Martin a wurin Kiristoci, ake "raɗa wa" sabuwar giya suna, ta zama Heuriger, ta bara kuma ta koma "tsohuwa". A wannan lokaci ake cin gasasshiyar dinya. Kafin ranar, masu kiyaye al'ada sukan riƙe kofin Sturm da hagu, ba sa gwara kofuna, kuma gaisuwar cin abinci suke yi wa juna maimakon ta sha. Al'adar tana da kiɗanta kuma. A 1878 'yan'uwa biyu, Johann da Josef Schrammel, masu gogen Turawa, suka haɗu da Anton Strohmayer mai jita, daga baya aka ƙara mai busa, kuma salon ya ɗauki sunansu har yau. Waƙoƙin suna yawan zagaya giya da tsohuwar Biyana da mutuwa. Beethoven ma ya zauna a 1817 a wani gidan manomin inabi a dandalin Pfarrplatz na Heiligenstadt, gidan da har yanzu ake karɓar baƙi a cikinsa.

Mutanen Biyana suna alfahari da cewa a kan bencin Heuriger minista da direba ɗaya suke. Akwai gaskiya a ciki, amma akwai abin da maganar ke rufewa. Kalmar "iyali" takan ɓoye wanda ke ɗauke da nauyi: mata a ɗakin girki tun safe har tsakar dare, da ma'aikatan kaka da ke zuwa daga ƙasashen gabashin Turai su tsinki inabi, ba a ganin su a tebur. Waƙoƙin kuma sun ƙawata maye, sun mai da mashayi abin so, alhali hukumar binciken ciwon daji ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta daɗe da sanya giya cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa cutar, kuma Ostiriya tana cikin ƙasashen da aka fi sha a Turai. A 1998 ƙasar ta rage adadin barasar da aka yarda direba ya kasance da ita a jini, abin da ya taɓa cinikin gidajen da ke nesa da tasha.

Barazana mafi girma daga farin jinin al'adar ta fito. Kalmar Heuriger ba ta da kariyar da Buschenschank ke da ita, don haka gidan abinci na yau da kullum yana iya ɗaukar sunan, ya buɗe ƙofa shekara zagaye, ya sayo giya a wani wuri. Grinzing ce ta fi shan wannan a rabin ƙarshe na ƙarni na ashirin, lokacin da manyan motocin masu yawon buɗe ido suka cika titunanta, aka faɗaɗa zauruka don ɗaruruwan mutane, 'yan gari suka janye zuwa Stammersdorf da Mauer. A lokaci guda gidaje na ainihi suna ta rufewa, wani don 'ya'ya sun ƙi gadon wahala, wani don maƙwabtan da suka tare a sababbin gine-gine suna ƙarar hayaniya. Manoman da suka rage sun fito da tambari na musamman da ake liƙawa a ƙofar gidan da ke sayar da giyar gonarsa kaɗai, wasu kuma sun koma kafa tebura a cikin gonar kanta a tudun Nussberg a ranakun da gari ya yi kyau. A 2019 hukumar UNESCO ta Ostiriya ta shigar da al'adar Heuriger ta Biyana cikin jerin abubuwan gado na ƙasa, hukumar birnin kuma ta wajabta wa duk mai gonar inabi ya ci gaba da noma ta, ko ya ba wani ya noma.