Masu Binne Murya a Bango

Lasifikar da ke cikin akwatinta tana da sauƙin kai: in ba ta yi daɗi a nan ba, sai a ja ta can. A raba ta da lungu, a ɗan karkata fuskarta, a saurara, a sake. Wadda ake binnewa a bango ba ta san wannan rangwamen ba. Da zarar zarto ya ratsa, bakin alƙalami ya bushe. Inda aka huda nan za ta zauna shekara da shekaru, ko ta yi daɗi ko ba ta yi ba. Shi ya sa gwanin wannan aiki yakan cinye rabin yini bai taɓa zarto ba. Za ka gan shi yana zagaye falo da tef ɗin awo, yana ƙwanƙwasa bango, yana tafa hannu ya ji yadda ɗakin ke mayar masa da amsa, ya zauna a kujerar maigida, ya miƙe, ya sake zama. Maigida mai gaggawa har yakan fara duba agogo.

Dalilin wannan jan ƙafa yana cikin yadda lasifika take aiki. Faifanta gaba da baya yake motsi. Sa'ad da ya turo iska ta gaba, a daidai lokacin yana zuƙe ta ta baya, kuma in babu abin da ya shiga tsakani, iskar gaba sai ta zagaya ta cike gurbin baya, su kashe juna. Kaurin sauti ne ya fi cutuwa da wannan. Amfanin akwati ke nan, kuma kamfanin da ya ƙera lasifikar akwati ya riga ya auna cikinsa, ya zaɓi kaurin katakonsa, ya toshe duk wata kafa. Ta bango kuwa, in ka buɗe kwalinta, abin da za ka tarar bai wuce faifai da maganaɗisu da firam da murfi ba. Fatar ganga ce aka ba ka ba tare da icen ba. Bangon gidanka shi ne sauran rabin, kuma mai sakawa shi ne zai ƙarasa ƙirar da masana'anta ta bari a tsakiya. Wannan ne ya sa nake ganin bai kamata a lissafa shi da mai rataya talabijin ba.

Sana'ar a Amurka ta girma, kuma yadda suke gina gidajensu ne ya haife ta. Bangon cikin gida a can ba bulo ba ne: katakai ne a tsaye, inci 16 daga tsakiyar wannan zuwa tsakiyar wancan, an rufe su gaba da baya da allon jifsom mai kaurin kusan rabin inci. Tsakanin katako da katako akwai sarari mai faɗin inci 14 da rabi, zurfinsa inci 3 da rabi. Duk lasifikar bango da ka gani siririya ce saboda wannan inci ukun da rabi. Kamfanin Sonance, wanda Scott Struthers da Geoff Spencer suka kafa a Kalifoniya a 1983, yana cikin na farkon da suka sa lasifika mai ingancin kiɗa a wannan sarari, kuma zuwa 1989 masu aikin sun yi yawan da suka kafa ƙungiyarsu, CEDIA. Sai silima ta ƙara wa abin wuta. Tsarin sauti na Dolby Digital ya fito a 1992 da fim ɗin Batman Returns, DTS ya biyo baya a 1993 da Jurassic Park, faifan DVD ya shigo da tsarin cikin gidaje. Falon da a da lasifika biyu suka ishe shi, yanzu shida yake nema: hagu, dama, tsakiya, biyu na kewaye, da wufa mai rugugi. Shi ne 5.1. Daga 2012 Dolby Atmos ya ƙara na sama. Ba kowace uwargida za ta yarda a jera mata akwatuna shida ko goma da wayoyinsu a falo ba, kuma da gaskiyarta.

Gwani ba daga bango yake fara awo ba, daga kunne yake farawa. Tambayarsa ta farko ita ce, "Alhaji, a ina ka fi zama in za ka yi kallo?" Daga wannan wurin yake jan komai. Ta hagu da ta dama ana so su buɗe da digiri 22 zuwa 30 daga tsakiyar allo. In tazarar kujera da bango mita 3 ce, kowacce za ta faɗo tsakanin mita 1.2 da 1.7 daga tsakiya. Na kewaye suna zama a gefe, su ɗan koma baya, wajen digiri 110, kuma a ɗan ɗaga su sama da kai don kada wanda ke bakin kujera ya tare wa sauran. Ƙaramar lasifikar da ke fitar da siririn sauti ana so ta yi daidai da tsayin kunnen mai zaune, wajen mita ɗaya daga ƙasa, domin siririn sauti miƙewa yake ba ya son kwana. Littafin kamfani ya ɗauka kowa a kan kushin yake kallo. Wanda ya san gidajenmu zai ƙara tambaya ko yara da baƙi a kafet suke zama, ya ɗan sauko da awonsa, ko ya zaɓi irin wadda ake iya karkata ƙaramar ta kalli ƙasa.

Ta tsakiya ita ce mai wahala, kuma ita ce mafi muhimmanci, don yawancin maganar 'yan wasa daga cikinta take fitowa. A gidan silima bayan allo take, allon kuma yana da ƙananan huji da sauti ke ratsawa, shi ya sa murya take fitowa daga bakin mai magana. Mai majigi a gida zai iya kwaikwayon haka da allo mai barin sauti ya wuce, kuma nan ne lasifikar bango ta fi kowace dacewa. Mai talabijin kuwa dole ya zaɓa, sama ko ƙasa, kuma gwani yana matso da ita dab da gefen allon don kada kunne ya ji murya daga wani wuri ido yana ganin baki a wani.

Awon takarda ba ya ƙare magana, sai an ji ta bakin bango. A bangon katako, mai aikin yana bin sa da na'urar gano katako yana sa alama da fensir. Inda ya zaɓa, sai ya huda ɗan rami da bai wuce kaurin fensirin ba, ya lanƙwasa waya mai tauri, ya zura, ya juya ta a hankali zagaye guda. In ta juya salin alin, wurin fili ne. In ta ci karo da wani abu, yatsunsa za su gaya masa ko katako ne, ko bututun ruwa, ko wayar wuta. Sa'an nan ya manna kwalin da kamfani ya yanko daidai girman ramin, ya ɗora lebur, ya zana. Wasu ma sukan fara yanke ɗan murabba'i da zarto a karkace, yadda in suka leƙa suka ga matsala, guntun zai koma mazauninsa ba zai faɗa ciki ba, a shafe, a yi fenti, kamar ba a yi ba. Zarton kansa ba a tura shi da zurfi. Bayan an cusa audugar gilashi a sararin don ta shanye sautin baya, sai a zura lasifikar, a ɗaura sukurorin fuskarta, wasu 'yan ƙafafu su juyo ta ciki su damƙi allon. A nan hannu ke nuna shekarunsa: in ɗaurin bai kai ba firam zai riƙa karkarwa, in ya wuce zai lanƙwashe, murfi ya ƙi zama, ko jifsom ɗin ya farfashe. Da yawansu sukan ajiye injin, su ƙarasa juyin ƙarshe da sukurudireba.

A Kano ko Kaduna ko Maraɗi labarin ya sauya, don bangonmu bulo ne, inci 6 ko inci 9, da filastar siminti. Waɗancan 'yan ƙafafun ba su da abin kamawa. Wanda ya iya aikin a nan sai ya haɗa sanin birkila da na kafinta da na mai wayarin. Mafi kyau a kira shi tun gini yana tsirara, kafin filasta: ya sa a bar masa gurbi, ya dasa akwatin katako mai kauri daidai girman cikin da lasifikar ke so, ya binne bututun roba daga kowane gurbi zuwa inda amfilifaya za ta zauna, ya bar igiyar ja a ciki, ya ɗauki hoton komai da wayarsa kafin siminti ya rufe. In gida ya riga ya ƙare, hanya biyu ce. Ko a tsaga bango da giranda, tare da kiyaye fila da linta, waɗanda ba a taɓa su ko maigida ya nace. Ko a tayar da bangon ƙarya na jifsom ko filawud a gaban na asali, a yi hasarar 'yan incina na falo a samu sarari mai tsabta. Ni na fi son ta biyun, don tana ba da damar gyara gaba. Silin ɗin POP kuma, da ya zama ruwan dare, yana jan mutane su zuba duka lasifikun a sama saboda sauƙi. Gwani yakan ce, "Ranka ya daɗe, saman na ruwan sama ne da jirgi, mutum in zai yi magana, a gabanka yake tsayawa." Na gaba uku a bango suke.

Akwatin baya yana da wani amfani da ba a cika tunawa da shi ba sai dare ya yi. Lasifika tana fitar da sauti ta baya kamar yadda take fitarwa ta gaba, kuma bayan bangon falo sau da yawa ɗakin kwanan wani ne. Rami a bulon inci 6 ba ya barin wani kaurin kirki tsakanin harbe-harben fim da kan Hajiya. Mai hankali yana tambayar abin da ke bayan kowane bango kafin ya sa fensir.

Waya kuma ba a yi mata rowa, don sauya ta bayan fenti ya bushe tashin hankali ne. Ga lasifika mai om 8, waya mai lamba 16 a ma'aunin Amurka tana kai wa wajen mita 15. In tafiyar ta fi haka, ko lasifikar mai om 4 ce, sai a koma lamba 14 ko 12, wato a ma'aunin da masu wayarinmu suka saba, a bar 1.5 a ɗauki 2.5 ko sama. Wadda aka yi don cikin bango tana ɗauke da alamar CL2 ko CL3, rigarta ba ta saurin yaɗa wuta. Kasuwa cike take da waya mai kamar jan ƙarfe alhali alminiyam ce aka yi wa rufi. Mai aikin yakan kankare bakin wayar da wuƙa, in fari ya bayyana ya mayar wa mai shago. Ba a haɗa ta bututu ɗaya da wayar lantarki, in kuma dole su haɗu, sai su gitta juna. A cikin silin ma sai an sa ta a bututu, saboda ɓera. Kowane bakin waya da sunansa a rubuce, kuma a bar rara kamar kamu biyu a kowane gurbi.

Akwai wata 'yar dabara da nake jin daɗin gani. Kafin a rufe, maigidan aikin yana can wajen amfilifaya da batir ɗin tocila mai bolt 1.5, yaronsa yana tsaye gaban lasifika. Maigidan aikin ya taɓa jar waya a kan batir, baƙa a gindinsa, ya ce, "Kai, ya fito ko ya shiga?" In faifan ya turo waje, haɗin daidai ne. In ya shige ciki, an juya wayar a wani wuri. Lasifika ɗaya da aka juya wa waya za ta riƙa ja sa'ad da 'yar'uwarta ke turawa, kauri ya zube, murya ta rasa mazauni, maigida ya yi ta zargin kayan da ya saya da tsada.

Wufa dai yawanci a ƙasa ake barinta cikin akwatinta. Ana saita amfilifaya ta tura mata duk abin da ya yi ƙasa da Hz 80, iyakar da kamfanin THX ya yaɗa, kuma kunne ba ya iya nuna inda irin wannan rugugi yake fitowa. Wannan yana sauke wa na bango nauyi, ya rage girgizar allo. Daga nan sai daidaitawa. Sauti yana cin mita 343 a daƙiƙa, kuma kunne yana karkata ga wanda ya fara isowa, don haka ana shigar da tazarar kowace lasifika, amfilifaya ta ɗan jinkirta na kusa har duka su iso tare. Ana kafa makirufo a tsayin kunne, a saki wani shuu daga kowacce bi da bi, a daidaita su a desibel 75. Na'urorin Denon da Marantz suna yin wannan da tsarin Audyssey, na Yamaha da YPAO, amma gwani yana bin lissafin da tef ɗinsa, don na'ura takan ruɗe a falo mai tayil da gilashi. In amsa-kuwwa ta yi yawa, maganinta ba ya cikin rimot: kafet ne da labule mai nauyi.

Murafun ana fesa musu fentin bango a tsinke, a waje, ba a jikin lasifika ba, don fenti mai kauri yana toshe hujin. Kafin ya manna su, mai aikin yakan saki wani sauti da ke tashi daga can ƙasa yana hawa a hankali, ya bi ɗakin da kunne yana farautar abin da ke zuza. Wani lokaci gilashin taga ne, wani lokaci murfin ƙwan silin, ko firam ɗin hoto, ko waya da ke taɓa bayan allo. Duk wanda ya kama sai ya dafa shi da yatsa. In ƙarar ta ɗauke, ya sa ɗan guntun roba ko ya ƙara ɗauri, ya mayar da sautin farko ya sake bi.