FAIFAN SAKKWATO: TARKEN AYYUKAN FARKO NA MDOU MOCTAR

Manufar wannan ɗan rubutu ita ce a auna faya-fayan farko guda uku na makaɗin jitar nan na Jamhuriyar Nijar, watau Mahamadou Souleymane, wanda duniya ta fi sani da Mdou Moctar. Na san wasu daga cikin 'yan'uwa ɗalibai, watakila har da malamanmu, za su ce me ya haɗa kifi da kaska, ina ruwan mujallar Ƙungiyar Hausa da Ba'abzine mai kiɗan rok, wanda ko baiti ɗaya na waƙoƙin da ya yi suna da su ba da harshenmu yake ba? Amsar gajera ce. Faifansa na farko, mai suna Anar, a Sakkwato aka ɗauke shi cikin 2008, da irin kayan aikin da ake yi wa finafinanmu waƙa, kuma da irin salon da ake yi musu. Idan har ba mu muka auna shi ba, to waɗanda za su auna shi ba su san ma'aunin da aka ƙera shi a kai ba.

Mdou mutumin jihar Tawa ne, daga cikin jama'ar da mu Hausawa ke kira Buzaye ko Abzinawa, su kuwa suna kiran kansu Kel Tamashek. Bahago ne. Jitarsa ta farko da hannunsa ya haɗa ta, da katako da wayoyin birkin keke, domin a gidansu ba a son harkar kiɗa, kuma abin da ya tayar masa da tsimi shi ne ganin wasan Abdallah Oumbadougou, ɗaya daga cikin iyayen gidan kiɗan jita a Nijar. Daga baya ya kafa ƙungiya ta mutum huɗu, suka fitar da Ilana cikin 2019, da Afrique Victime cikin 2021, da Funeral for Justice cikin 2024, har jaridun Amurka da Ingila suka riƙa jera sunansa da na Jimi Hendrix, wanda shi ma bahago ne. Waɗannan manyan faya-fayai ba su ne abin maganarmu ba. Abin da ya dame ni shi ne yadda ake waiwayo daga kansu a dubi ayyukan farko kamar rarrafen yaro kafin ya miƙe, a yi musu murmushi a wuce.

Wannan kuskuren awo ba sabo ba ne a tarihin kiɗan rok. Alal misali, lokacin da ƙungiyar Beatles ke watsewa cikin 1970, Paul McCartney ya fitar da faifan da ya ɗauki yawancinsa a gida, shi kaɗai ya kaɗa duk kayan kiɗan, sa'an nan ya bi shi da Ram cikin 1971. Masu sharhi na lokacin suka yi musu kaca-kaca don ba su yi kama da Beatles ba, amma bayan shekaru masu yawa sai ga 'yan baya suna yabon abin da aka kushe. Shi an auna shi da abin da ya riga ya yi, Mdou kuwa ana auna shi da abin da ya yi daga baya. Duka biyun an ɗauko mudun wata kasuwa ne an kai wata.

To, wace kasuwa ce ta Anar? Mai karatu ya tuna yadda waƙar fim take a shekarun nan. Tun daga ƙarshen shekarun 1990, musamman bayan fitowar fim ɗin Sangaya cikin 1999, fiyanon Yamaha ya karɓe aikin kalangu da kukuma da algaita a situdiyoyin Kano, mutum ɗaya yana zaune yana danna ganga da sarewa da yatsunsa, ga kuma ƙamshin waƙar Indiya ya game ko'ina. Wannan shi ne abin da aka laƙaba wa suna nanaye. Sa'an nan ga na'urar daidaita murya, Auto-Tune, wadda aka fitar cikin 1997 don ta ɓoye kuskuren mawaƙi, amma tun daga waƙar Cher ta 1998 aka gane in an murɗa ta har ƙarshe tana mayar da muryar ɗan Adam kamar ta aljanin ƙarfe. Mawaƙanmu suka rungume ta hannu biyu. Kada kuma a manta, cikin 2007 Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano ta dakatar da ɗaukar fim na wasu watanni, ta kuma tsananta wa rawa da waƙa. Ke nan a daidai lokacin da ake yi wa wannan salo kallon kayan ɓata tarbiyya a gida, a lokacin ne wani saurayi daga hamada ya zo ya ɗauke shi ya tafi da shi. Zuwan nasa ma ba abin mamaki ba ne ga wanda ya san taswira, domin ga mutumin Tawa, Sakkwato ta fi Yamai kusa, ta Birnin Ƙonni da Illela.

Ma'aunina a nan salo ne da tsarin kiɗa, jigo kuwa na bar wa masu nazarin adabin Abzinawa. Duk wanda ya saurari waƙar Tahoultine, wadda ita ce ta fi yin suna a faifan, zai ji abu uku a jere: gangar inji mai tafiya ɗaya ba sauri ba nawa, jita mai maimaita ɗan gajeren kari cikin natsuwa, da murya wadda na'ura ta narkar har tana karyewa tana zamewa daga mataki zuwa mataki. Bahaushe yana jin farkonta zai zaci za a shigo da baitin soyayya na fim, sai kawai ya ji baƙon harshe. A ganina ƙarfin faifan yana cikin wannan baƙon harshen, ga kuma dalili.

Hausa harshe ne mai karin sauti, kamar yadda muka karanta tun a shekarar farko. Makaɗin Hausa, ko Shata ne ko ɗan nanaye, ba ya da cikakken 'yancin kai murya inda ya ga dama, domin galibi sai karin waƙarsa ya bi hawa da saukar kalmomi, in ba haka ba ma'ana ta gurɓace ko kunne ya ƙi karɓa. Saboda haka na'urar nan, a bakin Bahaushe, ado take ƙarawa a kan hanyar da harshe ya riga ya shata. Harshen Tamashek kuwa ba ya da karin sauti irin namu. Da Mdou ya sa muryarsa a cikin na'urar, babu abin da ya riƙe ta, sai ta ja wasali ɗaya ta lanƙwasa shi sau uku sau huɗu, ta bi jitar duk inda ta nufa, har wani lokaci mutum ya rasa wace ce igiya wace ce maƙogwaro. Abin da na'urar ke yi wa murya, watau tsalle daga sauti zuwa sauti ba tare da jan ƙafa ba, shi ne ainihin abin da yatsun makaɗin jitar hamada ke yi a kan igiya. Kayan aikinmu ne, amma sai da baƙo ya riƙe su muka ji wani sautin da ke ɓoye a cikinsu. Wannan gwaji ne na gaske, irin wanda mai yinsa bai san inda zai ɓulle ba.

Amma fa ba zan yi wa faifan kwalliyar da ba ya da ita ba. Gangar injin nan matacciya ce. Kalangun Shata yana numfashi, yana jiran jagora, yana zuga shi in ya yi sanyi, ita kuwa wannan ko gidan ya kama da wuta haka za ta ci gaba da tafiyarta. In an saurari faifan daga farko zuwa ƙarshe a zama ɗaya, kafin a kai rabi waƙoƙin sun fara kama da juna, abin da kuma ya fi ciwo shi ne jitar, wadda ita ce baiwar mutumin, an zaunar da ita a baya kamar amaryar da aka hana magana. Cutar nan ba tasa ba ce shi kaɗai, ita ce cutar nanaye gaba ɗaya, inda ake yi wa kowace waƙa ɗinki ɗaya. Iyakar uzurin da zan bayar shi ne, ba don a saurara a jere aka san waɗannan waƙoƙi ba. Ɗaya-ɗaya suka yi tafiya.

Tafiyar tasu kuwa abin tsayawa ce. Anar bai fita ta hannun wani kamfani ba a lokacin, sai ta memorin waya da bulutut, daga wannan aljihu zuwa wancan, har ya ƙetara zuwa arewacin Mali. Mu mutanen Daudawa ba sai an yi mana dogon bayani ba. Cikin Satumba 2021, da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda 'yan bindiga, har da Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara, waƙa ba ta daina yawo ba, rumfar mai cajin waya da mai tura waƙa ita ce gidan rediyonmu. Waƙar da za ta rayu a wannan hanya dole ta kama kunne cikin daƙiƙa kaɗan, ta kuma fito fes daga 'yar ƙaramar lasifikar waya mai arha. Siririyar muryar na'ura da busasshiyar ganga, waɗanda ke zama aibi a babban ɗakin sauraro, su ne daidai da wannan lasifika. Wanda ya auna Anar da manyan na'urorin Turai ya yi kamar mai kushe takalmin fade don bai dace da ƙanƙara ba. Ta wannan hanya ce wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, mai kamfanin Sahel Sounds, ya tsinci Tahoultine a wayoyin mutane, ya sa ta cikin tarin waƙoƙin da ya fitar cikin 2011 mai suna Music from Saharan Cellphones, ya sha nema kafin ya gano mai ita, daga baya kuma ya sake buga Anar ɗungurungum cikin 2014. Ashe ƙofar da Mdou ya bi ya shiga duniya a Sakkwato aka sassaƙa ta. Ana yabon makaɗin, ana yabon Ba'amurken, amma hannun da ya danna fiyanon ba kasafai ake tuna shi ba.

Faifai na biyu, Afelan, na 2013, ba zan daɗe a kansa ba. An ɗauke shi ne kai tsaye a Cintabaradan, wani sashe da jitar katako cikin sanyin murya, wani sashe da jitar lantarki irin ta gidan biki, lasifika tana kuka, jama'a suna hayaniya. A nan ne aka fara jin yatsun da za su yi suna. Yana da rai, yana da ƙura, amma shaida ce ta abin da makaɗan Abzinawa da yawa ke yi a bukukuwa tun zamanin Tinariwen, har ma akwai waƙarsu ɗaya a ciki. Ba a gwada wani sabon abu ba. Haka nan fim ɗinsa na 2015, wanda aka gina a kan Purple Rain na Prince, maganarsa ta masu nazarin fim ce.

Na uku, Sousoume Tamachek, na 2017, shi ne wanda ya fi wahalar yanke wa hukunci. A Fotlan ta Amurka aka ɗauke shi, Mdou shi kaɗai, shi ne jita, shi ne kiɗan ƙwarya, shi ne jagora, shi ne 'yan amshi, ana ɗora wannan a kan wancan. Ta fuskar daɗin sauraro ya fi sauran biyun nesa ba kusa ba, ga tsabta ga natsuwa, irin abin da ake sa wa bayan sallar isha'i. Duk da haka akwai abin da kunnen Bahaushe ke nema ya rasa. A waƙar baka, amshi ba maimaici ba ne kawai. 'Yan amshi wasu mutane ne dabam, masu nasu numfashi, suna karɓa, suna ƙari, suna tallafar jagora in ya yi tuntuɓe, wani lokaci ma su ja shi inda bai yi niyya ba. Idan mutum ya yi wa kansa amshi, to babu mai ja masa birki babu mai ingiza shi, kowace murya ta san abin da 'yar'uwarta za ta faɗa. Marigayi Ɗanmaraya Jos ya san wannan, shi ya sa da ya zaɓi kaɗaici bai yi ƙaryar taro ba, ya tsaya daga shi sai kuntiginsa, kuntigin ne ke ba shi amsa. Inda Sousoume ya fi ƙarfi shi ne wuraren da Mdou ya yi haka, ya bar jita da murya ɗaya su yi zancensu. Inda ya tara kansa da yawa kuwa, sai abin ya yi santsi fiye da kima.

In aka ce in jera su, Sousoume Tamachek zan ba wanda ke neman abin saurare, Afelan in ba mai son sanin inda kiɗan ƙungiyarsa ya samo tushe, amma Anar zan sa a gaba, da gurguwar gangarsa da komai, domin shi kaɗai ne a cikinsu wanda ba a taɓa jin irinsa ba kafin a yi shi. Ina kuma roƙon shugabannin Ƙungiya, a ɗaya daga cikin zaman sharhin da za mu yi a wannan zango, a sa Tahoultine a lasifika, a bi ta da kowace waƙar fim ta 2007 ko 2008, sa'an nan a ba malamanmu na ilimin sauti alli su nuna mana a kan allo inda karin Hausa ya riƙe na'urar, da inda Tamashek ya sake ta.