Biri a Fadar Sama: Nazari a kan Hikayar Sun Wukong ta Ƙasar Sin a Ma'aunin Tuba da Tarbiyyar Zuciya

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, musabbabin wannan maƙala shi ne wata tambaya da wani ɗalibi ya yi mini a Ƙauran Namoda. Ya tarar da ƙannensa sun taru a kan waya guda suna kallon wani fim na ƙasar Sin, labarin wani biri mai sanda wanda ya hau sama ya yamutsa fadar da ke can. Ya ce yana son sanin hukuncin kallon. Na ba shi amsa a taƙaice a lokacin, amma daga baya na ga cewa tambayar ta fi amsata zurfi, domin ba ya yiwuwa a yi wa abu hukunci kafin a san haƙiƙaninsa, kamar yadda malaman usulu suka tabbatar.

Asalin labarin littafi ne mai babi 100 da ake kira Xiyouji, wato Tafiya Zuwa Yamma. Bugunsa mafi daɗewa da ya iso hannun mutane shi ne na shekarar 1592, kuma ana jingina shi ga wani marubuci mai suna Wu Cheng'en. Ƙashin bayansa tarihi ne na gaskiya: wani malamin addinin Buda mai suna Xuanzang ya bar birnin Chang'an wajen shekarar 629 ya nufi Indiya neman littattafan addininsa, bai komo ba sai 645. Mai karatu zai lura cewa ya fita ne Manzon Allah (SAW) yana raye a Madina, ya dawo a zamanin halifancin Sayyidina Usmanu. Sai dai a cikin hikayar, malamin ya koma gefe, birin da ke rakiyarsa, Sun Wukong, shi ya mamaye fage.

Kafin a shiga cikin labarin, akwai buƙatar a gyara hujja. Masu son halatta karanta irin wannan sukan yi saurin jawo maganar nan ta neman ilimi ko da a ƙasar Sin ne. Wannan ba ta inganta daga Annabi (SAW) ba; Ibnu Hibban ya ce ɓatacciya ce, Ibnul Jauzi kuma ya sanya ta cikin ƙagaggun hadisai. Hadisin da ke cewa hikima ɓataccen kayan mumini ce shi ma akwai rauni a isnadinsa, Tirmizi da kansa ya yi nuni da haka. Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce ƙissar Abu Huraira da ɓarawon kayan zakka da Buhari ya ruwaito, inda Shaiɗan ya koya masa falalar Ayatul Kursiyyu, Annabi (SAW) ya gaskata maganar tare da tabbatar da cewa mai faɗinta maƙaryaci ne. Nan aka haɗa abu biyu da ba a raba su: karɓar gaskiyar da aka auna, da sanin matsayin wanda ta fito daga bakinsa. A kan wannan turba malamanmu suka karanta Kalila wa Dimna, wanda asalinsa na Indiya ne, tun bayan da Ibnul Muƙaffa ya mayar da shi Larabci.

Babi bakwai na farko su ne abin da finafinai suka fi ɗauka. An haifi birin daga dutse, ya zama sarkin birai, sai tsoron mutuwa ya kama shi. Ya fita neman maganinta, ya sami malami ya koyi rikiɗa iri 72 da wani tsalle mai cin nisan da ba ya misaltuwa. Ya ƙwaci sandar ƙarfe daga sarkin teku, ya kutsa inda ake ajiye littafin matattu ya soke sunansa da na danginsa. Abin lura a nan shi ne niyyar da ta kai shi makaranta. Neman gaskiya bai taɓa zama burinsa ba, so yake ya zama wanda ƙarfe ba ya kamawa, ajali ba ya riska. Duk wanda ya tashi a ƙasarmu ya san wannan buri, ya san tauri da kau-da-bara da layar zana, ya kuma san yadda kasuwar maganin bindiga ta buɗe a shekarun nan. Malamin birin ya kore shi ne saboda ya kama shi yana baje kolin rikiɗarsa don abokan karatu su yi masa tafi, kuma ya gargaɗe shi kada ya kuskura ya ambaci sunansa. Da wuya a sami hoton ilimin da riya ta cinye wanda ya fi wannan fitowa fili. Ayoyi na 6 da 7 na Suratul Alaƙ sun riga sun bayyana tushen cutar: ɗan Adam yana ƙetare iyaka ne a lokacin da ya ga kansa ya wadatu.

Inda nake son in daɗe shi ne yadda fadar ta bi da shi, domin a ganina nan ne marubucin ya fi nuna basira, kuma nan ne labarin ya taɓa mu. Da ƙorafi ya yi yawa, wanda hikayar ke kira sarkin sama ya so ya tura runduna, sai wani dattijon fada ya ba da shawarar a yi sulhu, a jawo shi a ba shi muƙami. Aka naɗa shi mai kula da bargar dawakai, abin da a fadojinmu za a ce Shamaki, sai dai a can muƙamin ba shi da wata daraja. Ranar da ya gane haka ya kifar da teburi ya koma dutsensa, ya naɗa wa kansa laƙabin Babban Gwani Daidai da Sama. Aka yi yaƙi, rundunar fada ta sha kashi. Dattijon nan ya sake ba da shawarar a bar masa laƙabin tunda suna ne kawai, ba aiki ba albashi. Don kada zaman banza ya sa shi ɓarna, aka damƙa masa gadin lambun 'ya'yan itacen dawwama. An ba kura ajiyar nama ke nan. Ya cinye su, ya ji an yi walima ba a gayyace shi ba, ya afka ya shanye abin shan, ya sace magunguna, ya gudu.

Mutumin Shinkafi ko Zurmi ba ya buƙatar a fassara masa wannan. Jihar Zamfara ta yi sulhu da 'yan bindiga a ƙarshen 2016, ta sake yi a 2019, an karɓi makamai a bainar jama'a, an ɗauki hotuna. Zuwa watan Satumba na 2021 sai da aka kai ga katse layukan sadarwa da rufe kasuwannin mako-mako, har da ta Shinkafi wadda fatake ke zuwa daga nesa. Ban kawo wannan don in ce sulhu haramun ne ba, ban kuma manta cewa rikicin yana da tushe a satar shanu da cinye burtali da kisan da aka yi ba bisa shari'a ba daga ɓangarori daban-daban. Birin ma yana da ƙorafi na gaskiya, an raina shi, an yaudare shi da muƙamin bogi. Abin da hikayar ta gano shi ne sulhun da aka gina a kan tsoro daga ɓangare guda, da kwaɗayi daga ɗaya ɓangaren, ba ya taɓa zuciya. Fada ba ta nemi birin ya mayar da sandar da ya ƙwata ba, ba ta saurari sarkin tekun da ya kawo ƙara ba. An sayi shirunsa ne da haƙƙin waɗanda ya zalunta.

Shari'a ta fi wannan tsari nesa ba kusa ba, kuma ba sai an je manyan littattafai ba. Ayoyi na 33 da 34 na Suratul Ma'ida sun faɗi hukuncin masu fashi da makami, suka toge waɗanda suka tuba tun kafin a ci ƙarfinsu. Risalar Ibnu Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukanmu, ta fayyace cewa wanda ya zo yana mai tuba ana sauke masa haddin da yake haƙƙin Allah, amma haƙƙin mutane na jini da dukiya yana nan a wuyansa. Ƙofar dawowa a buɗe take, sai dai marayu da zawarawa su ne masu yafe abin da yake nasu, hukuma ba ta da ikon yin kyauta da shi.

Ƙarshen tawayen ya zo ne da wata caca. Buda ya ce da birin in ya iya tsallake tafin hannunsa, to sarautar sama tasa ce. Ya yi tsallensa har ya iske ginshiƙai biyar da ya zaci ƙarshen duniya ne, ya rubuta sunansa a jikin guda, ya yi fitsari a gindin wani don shaida. Da ya komo yana alfahari, sai aka nuna masa rubutun a jikin yatsa. Bai taɓa fita daga tafin ba. Aka danne shi a ƙarƙashin dutse shekara 500. A matsayin adabi, wannan fage ya kai maƙura, kuma zuciyar Musulmi za ta tuna da furucin aljanu a aya ta 12 ta Suratul Jinn, inda suka yi iƙirarin ba za su gagari Allah a ƙasa ba, ba kuma za su kuɓuce masa da gudu ba. To amma a nan ne wajibin ɗalibi ya farka. Ma'anar gaskiya ce, an jingina ta ga wanda ba nata ba. Buda mutum ne da aka haifa, ya rayu, ya mutu. Kewaye dukan halitta siffa ce ta Allah Shi kaɗai.

Sauran littafin tafiya ce ta shekara 14 da jarrabawa 81, kuma marubucin bai ɓoye cewa misali yake bugawa ba, domin a kanun babi da yawa yana kiran jarumin nasa birin zuciya. Cikin 'yan rakiyar akwai wani mai siffar alade, Zhu Bajie, wanda ciki da mata da barci suka mallake. Wanda ya karanta babin abubuwan mamakin zuciya a Ihya'u zai yi murmushi, domin Imam Gazali, wanda ya rasu a 505 bayan Hijira, ya riga ya kwatanta ɗan Adam da fata guda da ta tattara alade da kare da shaiɗan da mai hikima, aladen shi ne sha'awa, karen shi ne fushi. Ba na da'awar wani ya ɗauka daga wani. Masu lura da zuciya sukan iske abu guda ko da ba su haɗa hanya ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ma a Ulumul Mu'amala ya bi sawun Gazali wajen lissafa masu halakarwa irin su jiji da kai da girman kai da hassada, waɗanda kowannensu yana da fagensa a rayuwar wannan biri.

Inda na fi saɓa wa hikayar shi ne maganin da ta bayar. A babi na 14 birin ya kashe 'yan fashi shida masu sunayen ido da kunne da hanci da harshe da jiki da tunani, malaminsa ya yi masa faɗa, ya yi fushi ya tafi. Da ya dawo, aka yaudare shi ya sanya wata hula mai ƙawanyar zinariya, wadda ke matse masa kai duk lokacin da malamin ya karanta wani ɗalasimi. Da ƙarya aka sa masa linzamin, kuma mai riƙe da shi yakan yi kuskure: a babi na 27 ya azabtar da shi ya kore shi saboda ya kashe wata aljana da ta rikiɗa ta zo a siffar mutum, alhali birin ne ke da gaskiya. Musulunci bai musanta linzami na waje ba, don haka aka shar'anta haddi. Amma Alƙur'ani ya sanya matakin tsakiya, tsakanin rai mai umarni da mugun aiki da rai mai natsuwa, shi ne rai mai zargin kansa. Mai tsaron yana ciki. A yi wa marubucin adalci, a tsakiyar tafiyar birin ya fara kuka don malaminsa, yana dawowa ba don ciwon kai ba, kuma a nan littafin ya fi dabararsa ta hula kyau.

Maƙurar tafiyar kuwa ba ta karɓuwa ko da tawili. An ɗaga birin ya zama Buda, ƙawanyar ta ɓace. Wanda ya fara da neman zama daidai da sama ya ƙare a matsayin abin bauta, wato ya samu ta hanyar biyayya abin da ya kasa samu ta hanyar tawaye. A wurinmu ƙololuwar tafiya ita ce bauta, kuma da sunan bawa aka ambaci Annabi (SAW) a farkon Suratul Isra'i, a daren da aka ɗaukaka shi. Wannan ba zance ne na takarda kawai ba, domin har yau akwai ɗakunan bauta na wannan biri a lardin Fujian da Taiwan da Singafo. Nan ya rabu da Gizonmu. Gizo ba ya tuba, ba ya sauyawa, yau ya cuci kura gobe ya cuci Ƙoƙi, kuma ta wannan fuska hikayar Sin ta fi tatsuniyarmu nisan tunani, tunda ta bi mayaudarin har bayan yaudararsa. Amma tatsuniya takan rufe da shaida wa yara cewa ƙarya ce aka shirya, kuma babu wanda ya taɓa yanka wa Gizo kaza.

Saboda haka amsar da zan ba ɗalibin nan a yau ta kasu biyu. Ga wanda ya san aƙidarsa, karanta littafin don nazari ba shi da laifi, har yana da amfani. Ga ƙannensa kuwa, matsalar ita ce fim yakan tsaya a babi bakwai na farko, inda sanda ke magana kuma babu mai iya tanƙwara mai ita, ya bar dutsen da shekaru 500 ɗin a matsayin 'yan daƙiƙoƙi. Yaron da ke jin sunayen masu bindiga a bakin manya kullum, yana kuma ganin ana neman sulhu da su, bai kamata a bar shi shi kaɗai da wannan rabin labari ba. Ƙwace wayar ba zai yi wani tasiri ba, tunda akwai ta maƙwabta. Yayansu ya zauna tare da su, ya ƙarasa musu labarin har zuwa tafin hannun, ya nuna musu inda aka jingina wa halitta abin da yake na Mahalicci, sannan ya tambaye su wa ya biya sarkin teku sandarsa.

Allah ne Mafi sani.