Jinjina ga malaman da ke koyar da wasan Tanimun

Malaman lise na Damagaram, sannunku da ƙoƙari. André Salifou, haifaffen Zinder, da Faransanci ya rubuta wasan kwaikwayonsa na Tanimoune, amma ku kuke mai da shi gida. Yaron Zango da ke haddace shi don jarrabawa, ku kuke ce masa ya taka zuwa Birni, ya ga ragowar ganuwar da Sarki Tanimun ya gina kafin rasuwarsa a 1884, ya tsaya ƙofar fada ya ji kakaki. In ya dawo aji, aka naɗa masa rawani da zanen uwarsa, benci ya zama karaga, sai ka ji muryarsa ta canza. Wannan aikinku ne.