Gini a Tsakiyar Teku: Tsokaci kan Ƙubbar Tagulla da Birnin R'lyeh

Gabatarwa

Daga cikin dabarun da masu ƙaga labari ke amfani da su don kama hankalin mai karatu akwai dasa wani ƙasaitaccen gini a tsakiyar teku, inda ba a tsammanin hannun magini ya taɓa kaiwa. A wannan ɗan tsokaci za mu kwatanta irin waɗannan gine-gine guda biyu, domin mu ga wanne ya fi cika aikinsa, da kuma dalilin hakan.

Ƙubbar Tagulla

Na farko yana cikin Dare Dubu da Ɗaya, a labarin ɗan dako da 'yan mata uku na Bagadaza, inda Sarki Ajibu ya ba da labarin yadda ya rasa idonsa. Guguwa ta ɓatar da jiragensa, suka doshi wani baƙin dutse na maganaɗisu wanda ke zare ƙusoshin jirgi har katakai su wargaje. A ƙwanƙolin dutsen akwai ƙubba ta tagulla bisa ginshiƙai goma, a kanta mahayi da dokinsa na tagulla, da allon dalma mai ɗalasimai rataye a ƙirjinsa.

Ajibu ya tsira a kan katako, ya hau dutsen, ya kwana cikin ƙubbar. A mafarki aka umarce shi ya tona ƙarƙashin ƙafafunsa, zai sami baka da kibau uku na dalma, ya harbo mahayin. Da ya harbo shi sai teku ta taso har ta kai ƙwanƙolin dutsen, wani mutum na tagulla ya zo da kwalekwale ya ɗauke shi, bisa sharaɗin kada ya ambaci sunan Allah. Da ya hango tudu murna ta kwashe shi ya yi kabbara, nan take ya tsinci kansa cikin ruwa.

Abin lura shi ne, ba a faɗi wanda ya gina ƙubbar ba, balle dalilinsa. An dai ƙidaya mana ginshiƙai da kibau, aka ja baki. Sharaɗin nan kaɗai ya isa ya sa mai karatu ya tambayi kansa: shin hannun wa ke bayan wannan ceto?

Birnin R'lyeh

Na biyu shi ne R'lyeh, a labarin "The Call of Cthulhu" na marubucin Amurka H. P. Lovecraft, wanda mujallar Weird Tales ta buga a 1928. Girgizar ƙasa ce ta taso da birnin daga ƙarƙashin tekun Fasifik, ma'aikacin jirgi Gustaf Johansen da abokansa suka sauka a kansa cikin watan Maris na 1925. Gwanintar Lovecraft tana ga fasalin ginin: kusurwoyinsa ba sa bin lissafin da ɗan'adam ya sani, ido ba ya bambance kwance da tsaye, har wata kusurwa ta haɗiye mutum guda. Wannan hikima ce da ta cancanci yabo.

Sai dai kafin mu isa birnin an riga an shaida mana maginansa, wato wasu halittu da suka sauko daga taurari, da abin da ke barci a ciki. Bugu da ƙari, marubucin ya yi ta jera sifofin ban tsoro ɗaya bisa ɗaya, kai ka ce bai amince mai karatu zai firgita da kansa ba. Ashe ke nan gishirin ya yi wa miyar yawa.

Kammalawa

A ganinmu ƙubbar tagulla ta fi daɗewa a zuciya, domin mai labarin ya bayyana siffa filla-filla, ya ɓoye asali. Wannan darasi ne ga ɗalibanmu masu ƙaga labarai, waɗanda da zarar sun kawo wani abin al'ajabi sai su aiko tsoho mai furfura ya warware tarihinsa tun daga tushe. Wanda ya yi haka ya raba mai karatu da rabonsa na aikin, wato tunani da zato, kuma da wuya a sake waiwayar labarinsa bayan karatun farko.