Uwar Kurma Ita Kaɗai Muka Bari

Yau da mu nake, mu matan unguwa, har da mu masu rubuta littattafai.

A 1996 da sanƙarau ya ratsa Kano ya kwashi rayuka, akwai yaran da Allah ya tayar amma ciwon ya tafi da jinsu. 'Yar maƙwabciyata tana cikinsu, lokacin shekararta uku. Tana kwance gidan ba masaka tsinke, mai kunu, mai lemo. Da aka gane kunne ya mutu sai kowa ta ce "Allah ya kyauta," ta ja mayafinta. 'Yan kalmomin da yarinyar ta iya suka zube ɗaya bayan ɗaya, don da kunne yaro yake riƙe magana. Sunanta na yanka ma ya ɓace, ta koma Bebiya. Wasu kuma wai aljanu ne.

Haba mata! Mu da muke zuba adashi saboda ankon biki, ba wadda ta taɓa cewa kawo ta in riƙe miki ki huta. Ga makarantar kurame a Tudun Maliki tun 1977, amma da uwar ta yi zancen kai ta, dariya aka yi mata, wai me kurma za ta yi da boko, a ɗora mata talla kawai. Talla fa! Yarinyar da ko wani ya ja ta lungu ba ta da bakin faɗa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne maganar hannu. Kuramenmu suna da ita tun kaka da kakanni, har wata Bajamushiya, Constanze Schmaling, ta zo Kano ta koya, ta fitar da littafi a kanta a 2000. Mu da muke katanga ɗaya da yarinyar ko "kin ci abinci?" ba mu iya yi mata ba. Kullum sai an kira uwar.

Ni ma ban tsira ba. Na taɓa sa bebiya 'yar aiki a wani littafina don kawai a yi dariya, ana aikenta gishiri tana kawo sukari. Maƙwabciyar nan ta ara ta karanta. Bayan kwana biyu ta aiko mini da abina, ta naɗe kusurwar shafin, kuma har yau ba ta ce mini komai ba.